Amsa kan gwada sabis ɗin gRPC daga layin umarni

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka aika buƙata zuwa sabis ɗinka na gRPC (tsarin da manhajoji ke kiran juna da shi ta hanyar sadarwa) da curl, manhajar aika buƙata daga layin umarni, bai dawo maka da abin da za ka iya karantawa ba, kana neman manhajar da za ka riƙa gwaji da ita.

Laifin ba na sabarka ba ne. Tun da Google ta fitar da gRPC a 2015, an gina shi ne a kan HTTP/2 da Protocol Buffers (protobuf a taƙaice), wato tsarin dunƙule saƙo zuwa lambobi. Saƙon ba rubutu ba ne irin na JSON, lambobi ne a dunƙule, kuma kowane saƙo yana da bayit 5 a gabansa: ɗaya na nuna ko an matse shi, huɗu na nuna tsawonsa. Sunayen filaye ma ba sa tafiya cikin saƙon, lambobinsu kawai ke tafiya. To curl ina zai san cewa fili mai lamba 2 shi ne sunan mai amfani? Duk manhajar da ka ɗauka, sai ta samu bayanin da ke cikin fayil ɗin .proto, wanda ke bayyana sunayen filaye da lambobinsu, kafin ta yi maka komai. Abin da ya kamata ka fara warwarewa ke nan.

Ni dai grpcurl nake ba kowa shawara ya fara da ita. Kamfanin FullStory ne ya rubuta ta da Go, fayil guda ce, kana ba ta JSON tana mayar da shi protobuf, amsar ma ta dawo maka da ita JSON. Fara da `grpcurl -plaintext localhost:50051 list` ka ga sabis-sabis ɗin da ke akwai, sannan `describe` ya nuna maka siffar kowane saƙo. Kira kuwa da `-d` ake yinsa, makullin shiga da `-H`. Kada ka manta da `-plaintext` idan sabarka ba ta da TLS, wato tsarin ɓoye saƙo a hanya, don rashinsa ya sha ɓata wa mutane yini suna zaton intanet ce.

Amma `list` ba zai yi aiki ba sai an kunna sabis ɗin da saba ke bayyana kanta da shi, wato grpc.reflection. A na'urar gwaji ka kunna shi, layi ɗaya ko biyu ne. A sabar da jama'a ke shiga, masu kula da tsaro da yawa suna rufe shi, kuma ina ganin suna da hujja. A nan ne na ga ƙungiyoyi suna wahala: ranar da matsala ta taso, kowa na laluben fayilolin .proto, wannan ya dogara da wancan, wancan kuma yana wata ma'ajiya. Maganinsa, duk lokacin da kuka gina manhaja ku sa protoc, manhajar da ke sarrafa fayilolin .proto, ya fitar da fayil guda ta hanyar `--descriptor_set_out` haɗe da `--include_imports`, ku ajiye shi tare da sigar da aka fitar. Sai ka miƙa wa grpcurl shi da `-protoset`, shi ke nan. Wallahi wannan ɗabi'a ta fi min duk wani zaɓin manhaja amfani.

Akwai abubuwan da za su ruɗe ka a amsa. Filin da ƙimarsa sifiri ce ko fanko ba ya fitowa sai ka ƙara `-emit-defaults`. Lambar int64 tana zuwa a matsayin rubutu, bytes kuma a base64. Ka kuma lura cewa kira zai iya faɗuwa alhali HTTP ya ce 200, wato komai lafiya, don ainihin sakamakon yana cikin grpc-status da ke zuwa a ƙarshe. Idan ka ga 14, galibi ba a kai ga sabar ba ne; 12 kuwa yawanci sunan hanyar ne ba daidai ba, ko ba a yi mata rajista ba.

Sauran manhajojin a taƙaice. Evans tana da daɗi idan kana binciken sabis ɗin da ba ka sani ba, don tana tambayarka filaye ɗaya bayan ɗaya. Idan kuna amfani da Connect ko gRPC-Web, wasu tsare-tsare masu dangantaka da gRPC, buf curl ya san su duka. Shi grpc_cli yana cikin ma'ajiyar gRPC ta asali, sai dai gina shi na cin lokaci. Don auna nauyin da saba za ta iya ɗauka kuwa, ghz aka yi domin haka, kada ka sa grpcurl a madauki, don kowane kira sabon haɗi yake buɗewa, alƙaluman da za ka samu ba za su nuna maka gaskiya ba.