Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan shan Fluconazole saboda ƙaiƙayin gaba

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce ƙaiƙayin gaba da fitar farin ruwa sun dame ki, kin sayi ƙwayar Fluconazole a kemis kin sha sau uku cikin wata biyu, kowane karo abin ya lafa kamar mako biyu sannan ya dawo, kuma kina son sanin ko ki riƙa sha duk mako, ga shi kina neman haihuwa. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na yi kusan shekara guda cikin wannan hali bayan haihuwata ta uku, kuma shawarata ita ce kada ki ƙara sayen ko ƙwaya ɗaya sai an gwada ki.

Maganin kansa mai kyau ne idan ya dace da ciwon. An yi shi ne don ƙwayoyin cuta dangin funfuna, musamman wadda likitoci ke kira kandida. Alamarta farin ruwa mai kauri da gudaji kamar awara da aka marmasa, ba ya wari sosai, ga ƙaiƙayi mai hana barci da raɗaɗi wajen fitsari ko saduwa. Idan ita ce, ƙwaya ɗaya mai miligiram 150 takan wadatar, kuma akan fara jin sauƙi daga kwana ɗaya zuwa uku. Matsalarmu mu mata ita ce duk abin da ya fito ta ƙasa sai mu ce sanyi ne. Ruwan da ya tsinke, mai launin toka da ƙarnin kifi, galibi bakteriya ce ke kawo shi, maganinsa Metronidazole ne, kuma Fluconazole ba ya yi masa komai ko da kin shanye kwali guda.

Ni dai a lokacin ba na rabuwa da maganin a jakata. Mai kemis ɗin unguwarmu da ya hango ni sai ya miƙo, wani lokaci har ya haɗa mini da antibayotik, ashe su ma suna ƙara rura wutar ne, domin suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke tsare gaban mace, su bar wa kandida fili. Na zauna cikin ruwan bagaruwa, na wanke ciki da sabulu mai ƙamshi, fata ta ɗaye, ba a samu komai ba. Ranar da na gaji na je asibiti, likitar ba ta fara da duba ni ba. Tambayata ta yi: "Hajiya, sau nawa kike tashi fitsari da dare, kuma kina yawan jin ƙishirwa?" Sai a lokacin na tuna da gorar ruwan da nake kwana da ita a gefen gado. Washegari aka gwada sukarina kafin in karya, ya haura 7 a ma'aunin mmol/L, wanda daga nan ake zargin ciwon sukari, aka sake gwajin ya tabbata. Kandida tana bunƙasa inda sukari ya yi yawa, shi ya sa duk abin da na sha bai hana ta dawowa ba.

Ta kuma ɗebi ruwan gaban da ɗan tsinke mai auduga aka kai ɗakin gwaji, saboda akwai nau'in kandida, kamar wadda ake kira gilabirata, da ba ya jin Fluconazole sosai. Nawa mai jin maganin ne, don haka ta ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya duk bayan kwana uku har sau uku, sannan ɗaya a mako na tsawon wata shida, tare da maganin sukari. Wato shan duk mako da kike tambaya yana nan, amma likita ke yanke shi ga wadda ciwon ke dawo mata sau da yawa a shekara, bayan an gano dalili.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne batun haihuwa. Ba a so mai ciki ta sha wannan magani, domin an danganta shi da ƙarin haɗarin ɓari a watannin farko, kuma mai neman ciki tana iya ɗauke da shi na mako uku ko huɗu ba ta sani ba. Abin da ake ba mai ciki shi ne na matsi, irin su Clotrimazole, na dare bakwai. Ki gaya wa likita kina neman ciki tun kafin ya ɗauki biro.

Ki kuma faɗi duk maganin da kike sha. Fluconazole yana ƙara ƙarfin Glibenclamide na ciwon sukari har sukari ya faɗi, yana ƙara ƙarfin Warfarin mai tsinka jini da Phenytoin na farfaɗiya, shi kuma Rifampicin na tarin fuka yana rage masa ƙarfi. Idan idanu suka yi rawaya, ko fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ko ƙuraje suka feso, a daina sha a tafi asibiti. In aka miƙo miki ƙwayar Ketoconazole a madadinsa kada ki karɓa, tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta nemi a dakatar da shanta don irin waɗannan cututtuka saboda illar da take yi wa hanta. Maigida kuwa ba sai ya sha komai ba, sai idan shi ma yana da ƙaiƙayi ko ja a gabansa.

Ranar da za ki je, ki tafi da safe ba ki karya ba saboda gwajin sukari, ki riƙe fankon kwalayen da kika sha, ki rubuta ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, kuma kada ki matsa komai ko ki wanke ciki kwana biyu kafin a ɗebi ruwan. Allah ya yaye miki, ya ba ki zuri'a ɗayyiba.