Amsa kan zuba furotin ɗin waken suya a sosej

Assalamu alaikum 'yan gurup. Hajiya, kin tambaya ko furotin ɗin tsirrai zai hana sosej da niƙaƙƙen nama yin warin tsohon mai, har a daina zuba BHA da BHT, sinadaran nan na hana mai lalacewa. To, yana taimakawa, amma ya danganta da wanda kika zuba.

Kin ga da zarar an niƙa nama, iska ta ratsa shi ko'ina, sai sinadarin ƙarfen da ke cikin jan naman ya riƙa ingiza kitse yana lalacewa. Gishiri ma ƙara masa gudu yake yi. Shi ya sa dafaffen nama, kwana biyu kawai a firij, sai ki ji ɗanɗanonsa ya juya. Aikin furotin ɗin shi ne ya cafke ƙarfen nan ya riƙe, ya kuma tare ɓarnar tun ba ta yaɗu ba.

Amma don Allah kar ki zuba ɗanyen garin waken suya. Akwai wani enzayim (sinadarin halitta mai sarrafa abu) a cikinsa, lipoksijines, shi kansa mai yake lalatawa, ga gafi. Sai ki ga an gudu ba a tsira ba. Nemi tatacce, mai furotin wajen kashi 90 cikin 100. Wanda ya fi shi aiki kuwa shi ne wanda aka daddatsa da enzayim irin Alcalase, na waken suya ne ko na dankali ko na masara. Ana yi ne a pH (ma'aunin tsami) wajen 8, zafi digiri 50 zuwa 55, daga baya a kai shi 85 zuwa 90 na minti 10 ko 15 don a kashe enzayim ɗin. Wannan matakin na ƙarshe ba a wasa da shi. In aka bar shi da rai, zai koma cin naman, sosej ya yi luguf, ki sa wuƙa ya dagargaje.

Awo: giram 10 zuwa 20 a kowane kilo na kwaɓin. Tataccen, ki fara jiƙa shi, kashi 1 a ruwan sanyi kashi 4 ko 5, sannan ki zuba, kada kwaɓin ya wuce digiri 12. In kika zarce awon, daddatsattsen ɗaci yake kawowa, jan naman ma ya kan dusashe.

Ki raba kwaɓi uku: ɗaya ba komai, ɗaya giram 10, ɗaya 20, a yi musu gwajin TBARS, mai auna lalacewar mai, ranar farko, ta 3 da ta 7. Hanci kaɗai ba ya isa.

Yauwa, kar na manta, furotin ɗin ba ya maye gurbin naitirait, sinadarin adana nama. Naitirait ke hana ƙwayar cutar botulizim (gubar abinci) yaɗuwa, furotin bai san wannan aikin ba. Kuma ki rubuta waken suya a jikin leda, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarsa.