Amsa ga malamin da ɗalibansa suka raina darasin ɗa'ar aikin injiniya

Malam, da na karanta tambayarka sai na ji kamar da bakina ka yi magana. Ka ce ɗalibanka suna haddace ƙa'idojin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, su juye maka a jarrabawa, su manta. Nawa ma haka suke, ni ma haka na yi ina ɗalibi.

Ni a wurin aiki na koyi darasin, kuma da tsada. Ina shekara ta biyu da fara aiki, a wani ginin bene, na zo da safe na tarar an ɗaure rodi mai milimita 12 a ginshiƙan da zane ya ce 16. Na ce ba za a zuba kankare ba. Ɗan kwangilar, sa'an babana, ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake gini." Ya kira maigidana a waya a gabana, shi kuma ya ce in sa hannu kawai, komai a wuyansa. Leburori na tsaye da kwanukansu suna kallona, injin kwaɓa siminti yana ta ruri. Na sa hannu. Har yau idan na bi layin nan ba na iya ɗaga kai. Shi kuwa mutumin, kwangila bayan kwangila, ga shi kullum a sahun gaba. Allah ya isa.

Shi ya sa yanzu nake fito da ɗalibi gaban aji, ni in zama ɗan kwangilar, in yi masa tsawa, in lallashe shi, in tuna masa albashinsa. Ka ga yadda gwanayen aji ke daburcewa.

Labarin kumbon Challenger na 1986 yana da amfani, yadda injiniya Roger Boisjoly ya yi gargaɗi cewa sanyi zai iya hana zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar yin aikinsa, manyansa suka ƙi ji, kumbon ya tarwatse, mutum 7 suka mutu. Amma Amurka ta yi musu nisa. Benen Ikoyi na Legas mai hawa 21 da ya rufta a 2021, ya kashe fiye da mutum 40, shi ya fi sa su yin tsit.

Kuma don Allah ka riƙa duba littafin SIWES ɗinsu da kyau, wato wanda suke rubuta abin da suka yi lokacin da aka tura su koyon aiki a ma'aikatu. Wasu a ɗaki suke cike shi, su nemo mai buga musu hatimi. Na kama uku bara, iyayen biyu sai da suka zo har gida roƙo.