Ina zan kai ruwan rufin sabon gareji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina gareji a gefen gidana a Zariya, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4, rufin kwano mai gangara ɗaya, kuma gangarar ta fuskanci katangar maƙwabcina. Kafinta ya ce in sa indararon roba, magini kuma ya ce in jona bututun da sokawen banɗaki in huta. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar magini, ka yi mata godiya ka ajiye ta gefe. Ga lissafi: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Rufinka murabba'in mita 24 ne, to idan aka yi ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a Zariya cikin Agusta, lita 720 za ta sauko, fiye da duro uku da rabi, wani lokaci cikin awa guda. Sokawe ba don wannan aka haƙa shi ba. Zai cika, wari ya dawo ta banɗaki, ka koma biyan masu kwasar masai kowace damina.

Kada kuma ka bar ruwan ya riƙa dukan katangar maƙwabci. In ta ƙasa ce, damina biyu ta ishe ta; in ta bulo ce, gindinta zai jiƙe, harsashin garejinka ma ya sha nasa rabon. Rigimar maƙwabta da yawa a gaban mai unguwa daga indararo ta faro.

Game da sayen indararo: roba ta fi araha, amma ranar bazara tana busar da ita har ta tsage. In da hali, sayi na alminiyom, ba ya tsatsa. In babu, roba mai kauri, a yawaita maƙalai don kada ta lanƙwashe. A ɗan karkatar da shi wajen bututu, kamar santimita 1 a kowace mita 2, sannan bututu mai inci 3 ya wadatar da rufi irin naka.

Ni dai da tanki zan tare ruwan, ko mai lita 1000 ne, a ɗora a kan dakali, ga na wankin mota da ban-ruwan shuka kyauta. Rarar da ta tumbatsa a ja ta da bututu zuwa lambatun titi. In layinku babu lambatu, a haƙa rami nesa da gini, kamar mita 5, a cika shi da tsakuwa. Amma in ƙasar gidan laka ce, ba zai tsotse da sauri ba.

Ruwan farkon damina a bar shi ya zube, ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye yake wankowa. Bakin tanki kuma a rufe da raga saboda sauro.