Na Dafa Ganye Ya Yi Kore Shar, Amma Zarena Ya Ƙi Kamawa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni mai ɗinkin hula ce a Mabera, nan cikin Sakkwato. Wata mai saye ta ba ni aikin huluna 10, ta ce da koren zare take so, amma na rinin itatuwa, ban da na kanti. Na daka ganyen zogale da na dogon yaro na dafa, ruwan ya yi kore shar, na tsoma zaren ya kwana. Da safe ya fito da ɗan kore-kore, na shanya, kafin la'asar ya koma ruwan ƙasa, wanki ɗaya kuma ya tafi da sauran. Wane ganye ne ke ba da koren da ba ya zuba? Ko gishiri ne ban sa ba? Wanga aiki ya hana ni barci.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki bar gishirinki a miya, ba shi da laifi a nan. Kin kira ni Baba, to maganin damuwarki ma baba ne, amma na marina, wanda ake yin shuni da shi.

Abin da ke sa ganye ya yi kore ba ya riƙe zare. Zafi na kashe shi, tsami na kashe shi, rana kuma ta ƙarasa. Kin sha gani a tukunyarki: alayyafo in ya daɗe a wuta sai ya dushe, shi ya sa mata ke jefa 'yar kanwa don ya tsaya da korensa har a kai ga ci. Abin da kika gani a zarenki da safe ruwan ganye ne ya ɓata shi, kamar yadda ciyawa ke ɓata gwiwar wandon yaro. Ko da duk dogon yaron da ke bakin titunan garin nan za ki sauke, ƙarshenta rawaya-rawaya mai duhu za ki samu.

Koren da ke zama a tufa haɗi ne na launi biyu, shuɗi a ƙasa, rawaya a sama. Haka aka yi shi a wurare da dama kafin zuwan rinin kanti. A Ingila, garin Linkon ya yi suna da wani koren ulu, kuma da shuɗi suke farawa su bi shi da rawayar wata ciyawa tasu. In kin taɓa ganin hoton tsofaffin dardumomin bango na Turawa, za ki lura ganyayen itatuwan ciki shuɗaye ne. Kore aka rina su, rawayar ta gudu da shekaru, shunin ya zauna. Wannan ya nuna miki wanda ya fi rauni cikin biyun, don ki san inda za ki fi sa ido.

Kafin ki kashe ko sisi, ki fara gwada zaren kansa. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ulu ko siliki roba ce, rinin itace kuwa ba ya shiga roba ko za ki dafa ta kwana 7. Ki yanko ɗan guntu ki kusantar da ashana. Auduga za ta ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulun gaske zai yi ƙaurin gashi, irin na babbakar kai. Roba kuwa sai ta narke ta dunƙule, ta bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. In roba ce a hannunki, ki nemo farin zaren auduga. In kin samu na kaɗin hannu, wanda tsofaffi ke yi da mazari, ya fi kowanne shan rini.

Daga nan sai wanki, kuma shi ne inda masu gaggawa ke faɗuwa. Sabuwar auduga na da maiƙo nata na halitta, ga sitacin kamfani in ta masaƙa ce. Ki naɗe zaren a bayan kujera ya zama zobe, ki ɗaure shi wuri huɗu sako-sako don kada ya cukurkuɗe, ki dafa shi awa 1 zuwa 2 da sabulu da ruwan toka. Ruwan zai fito kamar shayi. Ki ɗauraye har ya yi fes. Alamar ya wanku ita ce in kin jefa shi a ruwa ya nutse nan take, bai tsaya yana yawo a sama ba.

Shuɗin kuma, shawarata ki kai wa marini. Haɗa shuni ilimi ne na kansa: busasshen baba, toka, katsi (wato ƙonannen dattin ƙasan ramin rini), ruwa, a yi ta motsawa da muciya kullum har wajen mako guda, sai kumfa mai sheƙin jan ƙarfe ta taso, wari ya cika wuri. A zafin bazararmu, da ma'auni ke haura 40, rami kan nuna da wuri, da hunturu kuwa sai ya yi ta jan ƙafa. Ba aikin da za ki fara da huluna 10 a wuya ba ne. Sai dai ki tambayi marinin da me ya haɗa raminsa. Tun 1897 da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, baba ke ja da baya a ko'ina, yau marina da yawa garin shunin kanti na cikin leda suke zubawa da soda. Launin iri ɗaya ne, amma tunda mai sayenki ta ce na itace take so, amana ce ki san abin da kika ba ta.

Ki kuma kula da bakinki a karofi, wato wurin ramukan rini. A wurin tsofaffin marina, "kore" suna ne na rigar nan da ta sha shuni har ta yi baƙi tana ƙyalli. In kika ce wa dattijo kore kike so ba tare da bayani ba, kina iya karɓar zare baƙi wuluk. Ki ce masa shuɗi mai haske kike so, kamar sararin sama da hantsi, tsomi ɗaya ko biyu gajeru. A nan ake yanke irin koren da za ki samu. Shuɗi mai haske zai ba ki tsanwa irin ta sabon ganyen gero, matsakaici ya ba ki koren ganyen mangwaro, mai duhu kuwa zai haɗiye rawayar gaba ɗaya, ki yi ta dafawa ba ki ga komai ba. Da ki wuce gara ki gaza, domin ana iya ƙara tsomi amma ba a iya ragewa.

In kin tsaya a bakin ramin za ki ga abin da ke ruɗar baƙi. Zaren zai fito kore sak, irin wanda kike nema, har ki ce a bar shi haka. Marini zai girgiza shi ya buɗe shi, cikin 'yan mintuna yana juyawa a idonki, daga gefe zuwa ciki, har ya zama shuɗi. Iska ce ke yin wannan aikin, kuma juyawar ce ke kulle shunin a cikin zaren.

Kada ki juya tsarin, wato ki fara da rawaya. Ina saurayi na yi wannan wautar. Na rina wani ƙyalle rawaya, na faki idon maigidana na tsoma a raminsa. Ƙarfin tokar ramin ya kwashe rabin rawayar, ƙyallen ya fito dabbare-dabbare, ruwan da aka yi kwanaki ana reno kuma ya gurɓace. Bai buge ni ba. Ya dai sa ni kwashe ramin ni kaɗai da guga, na kwana uku hannuna na wari.

Da kin dawo gida ki wanke zaren sosai har ruwa ya daina yin shuɗi, a ɗauraya ta ƙarshe ki sa ɗan ruwan tsamiya don ya kashe kaifin tokar. Sannan ki shiga neman rawaya.

A ƙasarmu ban ga abin da ya kai marke ba, itacen nan da sunansa ke kan ɗaya daga ƙofofin Sakkwato. Ganyensa na ba da rawaya, kuma yana ɗauke da ɗacin nan mai kama baki irin na bagaruwa, wanda auduga ke buƙata kafin ta riƙe launi. Mutanen Mali da ganyen marke suke fara jiƙa ƙyallensu kafin su zana shi da laka. Ga yadda nake yi wa zare giram 100. Ganyen marke busasshe giram 100, in ɗanye ne a ninka. A dafa awa 1 a wuta marar ƙarfi, a tace. A sa zaren da danshinsa, ya yi kamar minti 45 ana juyawa, a bar shi ya huce a ciki. A matse, a mayar da shi cikin ruwan ɗumi da aka narkar da alimun giram 15, wato kimanin babban cokali ɗaya, alimun ɗin nan dai da ake jefawa a randa don laka ta kwanta. In kin ɗiga 'yar kanwa a ciki zai yi kumfa, kada ki tsorata, tana taimaka wa auduga. Ya yi awa 2 ko ya kwana. A ɗauraye sama-sama, a sake mayar da shi ruwan marken. A wannan komawa ta biyu ce koren ke buɗewa, kina kallo.

Alimun shi ne ɗan tsakani, yana riƙe zare da hannu ɗaya, launi da ɗaya. In kin tsallake shi, rawayar za ta bi ruwan wanki ta bar miki shuɗinki. In kuma kin cika shi, zaren zai yi kaushi ya riƙa tsinkewa a allura.

In marke ya yi miki nisa, ɓawon albasa na nan birjik, mu da albasar Wurno da Goronyo da Gada ke shigo wa buhu-buhu. Ki roƙi masu sayarwa su tara miki sharar ƙasan buhu. Sai dai da albasa dole ki fara jiƙa zaren a ruwan bagaruwa, kamar giram 30 dakakkiya ba ƙwaya, a ruwan zafi awa 2, sannan alimun, sannan ɓawon. Kada ki cika bagaruwar, tana da nata launin ƙasa-ƙasa da ke dusar da kore. Saiwar rawaya, wadda ake sa garinta a miya, ita ma tana rini, amma a hannuna ba ta jure rana kamar marke. Gangamau kuwa mayaudari ne. Ranar farko zai ba ki kore mai ɗaukar ido har ki ɗauki hoto, mako biyu a rana ya tafi, in sabulu ko kanwa ta taɓa shi kuma ya juya ja. Ga hular da za ta sha ranar Sakkwato da gumin goshi, ban yarda da shi ba.

Akwai hanyar da ba ta bi ta karofi, in mai sayen za ta karɓi kore mai duhu irin na kayan soja. Ki zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a kwalba da ruwa da ruwan lemon tsami, ki bar su mako 1 zuwa 2. Bayan kin rina zaren da ɓawon albasa, ki zuba cokali ɗaya ko biyu na ruwan ƙarfen a roba cike da ruwa, ki tsoma minti kaɗan kina dubawa. Rawayar za ta karkata zuwa kore-kore. Da ta kai inda kike so ki cire ki wanke, domin ƙarfe in ya yi yawa yana cin zare. Da marke ki yi hattara sosai, shi da ƙarfe baƙi suke haifarwa, kusan dabarar da dukawa ke bi da kuloko, baƙin rininsu na ƙarfe, su baƙanta fata. Tunda na ambaci dukawa: koren fatar nan da kike gani a jikin layu da kube, da garin tagulla ake samo shi. Kada wani ya ce miki ki zuba a zaren hula, ba abin da za a ɗora a fatar goshi ba ne.

Tukunyar rini ta zama ta rini, kada ta koma madafa, ta ƙarfe mai tsatsa kuma kada ta kusanci marke. Ruwan wasu rijiyoyi na canza launi, in kin tara na sama ya fi. Ki shanya a inuwa. Jiƙaƙƙen zare ya fi busasshe duhu, don haka kada ki yanke hukunci sai ya bushe.

Zaren huluna 10 ki rina shi gaba ɗaya a tukunya guda, har da rara, domin ba za ki sake samun launin nan daidai a karo na biyu ba. Amma kafin nan ki gwada da ɗan kaɗan. Ki naɗe shi a guntun kwali, ki rufe rabi da wani kwalin, ki ajiye a kan katanga inda rana ke duka har mako 2. In kin buɗe kin ga bambancin kaɗan ne, ki ci gaba. In ɓangaren da ya sha rana ya koma shuɗi, alimun ne bai kama ba, ki sake zagaye ɗaya na alimun da marke. Kwalin nan ki kai wa mai sayen ta gani da idonta kafin ki ɗinka ko ɗaya, ki kuma gaya mata a wanke hular da sabulu marar kaifi, ban da ruwan nan mai farar da kaya.