Amsa: GitLab ko wata manhajar?

Malam, ka tambaya ko GitLab, manhajar ajiye ayyukan masu rubuta manhaja, za ku ɗora a shafin da ƙungiyarku za ta riƙa ajiye ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja. Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba, cin ƙwaƙwalwar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) yake kamar gara. Ku gwada Forgejo, wanda ya ɓalle daga Gitea, wata manhajar mai irin wannan aiki, a 2022. Shi Codeberg, wani shafin ajiye ayyukan manhaja na Jamus, ke amfani da shi, kuma ko a ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi yana tashi.

Mu girka Forgejo bai ba mu wahala ba. Amma rajista muka bari a buɗe, kafin sati asusun bogi masu tallan caca sun cika wurin. Ku sa sai an amince da mutum kafin ya shiga. Kullum dare kuma ku kwafe komai zuwa wata na'ura daban.