Jirgin ƙasan Madina zuwa Makka

Malam, ka tambaya ko jirgin ƙasan Haramain da lantarki yake tafiya, kuma ko ya fi bas ga mai zuwa Umara daga Madina. Eh, lantarki ne zalla, yana jan wuta daga wayoyin da ke bisa layin. Tsawon layin kusan kilomita 450 ne, an buɗe shi a 2018, jiragen kuma na kamfanin Talgo ne na Sifaniya, suna gudun kilomita 300 a awa. Cikin kamar awa biyu da rabi ka isa, alhali bas kan ci awa biyar ko fiye. A hanya akwai tashar Birnin Sarki Abdullahi, da ta filin jirgin saman Jidda, da ta Sulaimaniyya da ke cikin garin Jidda. Kar ka haɗa shi da tsohon layin Hijaz na Daular Usmaniyya da ya iso Madina daga Dimashƙa a 1908, wancan bai taɓa kaiwa Makka ba.

Sharaɗin da na koya a jikina shi ne harami. Jirgin ba ya tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, kuma kafin ka gyara zama ya wuce wurin, don haka ka yi wanka ka ɗaura haraminka tun daga masauki. Sai kaya: babban akwati ɗaya da jakar hannu ake yarda da su. In ka riga ka cika Ghana-must-go da dabino da tsaraba, gara ka bi bas ɗin kawai.